Madarar Takwarata

Na ga saƙonninku. Masu cewa na gudu, masu cewa an ɗaura aure ban gayyace su ba, har da wata baiwar Allah da ta rubuto wai ta yi mafarki na haifi 'yan biyu. Ku yi haƙuri, babu ko ɗaya. Hannuna ne ya ƙi riƙe waya kwanan nan, yanzun ma ba daɗi ne ya sa nake rubutu ba. In ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai fashe.

Saboda waɗanda yau suka fara karantawa: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har masu kawo ɗinki shagonmu. Mu biyu Mama ta haifa, ni da Yaya. Yaya ta daɗe a gidan miji ba ko ɓatan wata, ta sha magani ta sha gori, sai bana Allah ya dube ta. Cikin na fitowa, mijinta da yake aikinsa na tafiye-tafiye ne ya kawo ta gida ya ce a kula masa da ita. Tun daga ranar gidanmu ya koma kan cikin nan. Baba da ba ya shiga sabgar mata sai ga shi yana leƙowa yana tambaya ko ta ci abinci. Mama kuwa ko tsintsiya Yaya ta kalla sai an yi faɗa.

Sai kuma mutumin naku, wanda na ajiye a waya da sunan Mai Madara.

Gonar shanu gare shi a bayan gari, ya gada daga mahaifinsa, ya sa injin tatsa da babban tanki mai sanyi. Kullum motar wani kamfani na zuwa ta kwashe madarar, su dafa ta, su zuba a roba su sayar. Labulen ofishinsa ya kawo mu ɗinka, daga nan ya ƙi daina zuwa. Ba ɗan gayu ba ne, turarensa ɗaya ne kuma ba ya iya rufe ƙamshin ciyawa. Amma yana da haƙuri, yana da kunya, in na yi masa tsiwa dariya kawai yake yi. Ina son sa. Bari in faɗa tun yanzu, don kar in an jima ku ce dama can ba na yi.

Matsalata ɗaya ce, gidanmu sun riga ni son sa. Ni ina so in ɗan ja aji in ƙara sanin mutum, Mama kuma gani take kamar wata za ta wuce ta ɗauke shi a ƙofar gida.

"Me kike jira? Mala'ika?" in ji ta. "Yaro mai sana'a, mai ladabi, kullum yana durƙushe a gabana. Ki ci gaba da yanga har ya gaji."

Ƙarshe Baba ya kira ni ya tambaye ni, na sunkuyar da kai na yi shiru, ya ce to shi ke nan, manyansa su zo ranar Asabar.

Yanzu bari in ba ku labarin madarar, don ita ce ta kawo mu inda muke.

Kullum da safe kafin in gama shirin shago za ka ji hon ɗin farar motarsa mai buɗaɗɗen baya. Ya shigo da ɗan bokitin silba mai murfi, ya gaida Mama, ya ajiye a bakin kicin. In ka taɓa jikin bokitin da sauran ɗuminsa.

"Ta Auta ce, Mama," haka yake cewa.

Ba ni yake nufi ba. Akwai wata saniya a garkensa, ja mai farin goshi, wadda ya fi ji da ita, ita ya sa wa sunana. Ranar da ya faɗa mini wuni na yi ban ɗaga wayarsa ba. Duk abubuwan da ke duniya ya rasa da me zai haɗa ni sai saniya? Yaya ta yi ta dariya har da hawaye, daga nan kowa a gidan ya koma ce mata takwarata.

"Wannan ba ta shiga tankin kamfani ba," ya ce da Mama ranar farko, yana wani murmushi na alfahari. "Daban nake tatsar ta, da hannuna. Ba inji, ba wuta. Daga jikinta sai gidan nan."

Ku da ba ku san Mama ba, mace ce da ko ruwan roba ba ta gama yarda da shi ba. Yana fita ta juye madarar a tukunya ta ɗora a wuta. Tsautsayi ya sa ya manta makullinsa a kan tabarma, ya dawo ya tarar tana tafasa.

"Wayyo Mama, kun kashe ta!"

Da dariya ya faɗa, amma duk mun ga yadda fuskarsa ta faɗi. Ya ce abin da kamfani ke yi ke nan, su ƙone amfanin su sayar wa mutane farin ruwa, su kuwa tun suna yara haka suke sha ba abin da ya taɓa samun su. Bayan ya tafi Mama ta rasa inda za ta sa kanta don kunya.

"Yaro ya taso da asuba ya tatso maka abu da hannunsa, ka ɗora a wuta kamar kana zargin sa? Ban kyauta ba."

Daga ranar madarar takwarata ba ta sake ganin wuta a gidanmu ba. Baba ba ya sha saboda cikinsa, ni ƙarninta ma ba na so, Mama ɗan kaɗan take ɗigawa a shayi. Saura duka Yaya. Akwai wani babban kofi mai hoton fure, shi Mama ke cikawa ta tsaya mata a kai.

"Shanye, ke biyu ce."

Ni ma nakan tura mata nawa in ce, "Sha, ɗanmu ya fito fari tas." Mu yi dariya.

Zazzaɓin bai zo da hayaniya ba. Da safe Yaya lafiya lau, ta yi wanka, ta shafa mai, ta zauna tana saƙa 'yar hular jariri. Ana yin la'asar sai ta ce a rufe taga. Kafin magariba tana cikin bargo haƙoranta na haɗuwa. Gari na wayewa Mama ta cire zanin gadon sharkaf da gumi, kamar an jiƙa shi za a wanke, ita kuma Yaya ta miƙe garau ta ce ai ya sauka. Aka je asibiti aka ce zazzaɓin sauro ne, ta sha magani, ya yi kamar ya tafi, ya dawo. Aka koma aka canza wani. Sai ƙugu ya shiga, sai gwiwoyi, har sallah ta koma yi a zaune.

Mama ta ce laulayi ne, kowane ciki da irin nasa. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo taya mu shirin Asabar, ta ce bakin mutane ne.

"Cikin da aka daɗe ana jira? Ai ba kowa ke murna ba. A rage barin 'yan dubiya suna shiga ɗakin."

Da aka ga ba ta iya cin abinci sosai, sai aka ƙara mata madara.

Ranar Laraba da rana ina kan keken ɗinki ina haɗa rigar da zan sa ranar Asabar, ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, an ci abinci?"

"An ci. Kai fa, ko ciyawa ka ci?"

"Allah ya shirye ki. Gobe ki zo ki ga gona mana. Bai kamata a ce za ki auri mai shanu ba ki taɓa ganin shanun ba."

"In zo in gaida takwarata?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga shi: "Ba ta ɗan jin daɗi, amma za ki gan ta."

Ban kawo komai a raina ba. Na tura masa hoton fuska mai dariya na ce a gaishe ta da jiki.

Mama ta ce ba zan je ni kaɗai ba, Gwaggo ta raka ni. Na sa doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, na ɗauko takalmi mai tsini, Yaya daga kwance ta ce, "Ke, garken shanu za ki, ba wurin biki ba." Na canza da shimfiɗaɗɗe. Gwaggo kuwa ta ci ado kamar ita za a gani, leshi mai nauyi da sarƙa har biyu. Da zan fita na leƙa na ce wa Yaya me zan kawo mata. Ta ce in ɗauko mata hoton saniyar, tana so ta ga wadda take shan arzikinta.

Gonar ta fi yadda na zata tsafta. Doguwar rumfa ta kwano, ƙasa siminti an wanke shi yana sheƙi, shanu a jere kowace da lamba a kunne. Ya nuna mana injin da bututunsa, ya nuna mana tankin, ya sa na taɓa na ji sanyi. Gwaggo sai "Masha Allah" take tana taɓa ni da gwiwar hannu. A nan na lura da abu biyu. Yana ɗingishi kaɗan, kuma duk da iskar da ke kaɗawa bayan rigarsa ya jiƙe.

"Lafiya kake?"

"Gajiya ce. 'Yan kwanakin nan da yamma sai in ji jikina ya yi nauyi."

Ya kai Gwaggo ofis ya kunna mata fanka, ya ajiye mata lemo da biskit. Ta baje ta ce mu je mu dawo, ita ƙafarta ba ta son siminti.

Takwarata ba ta cikin rumfar. Can baya take, bayan ɗakin ajiye dusa, a wani ɗan shinge ita kaɗai. Kyakkyawa ce kam, idanunta manya. Amma gwiwarta ta gaba ta kumbura ta yi tulu, tana tsaye tana ɗage ƙafar.

"Me ya sa aka ware ta? Ina ɗanta?"

Ya shafa wuyanta. "Ɓari ta yi. Cikin ya tsufa, ya kusa, sai kawai ta zubar. Har mabiyiya ta ƙi fita sai da aka sa hannu."

"Allah sarki. To ta yaya take ba da madara?"

"Ai nonon ya riga ya kawo. Kamfani ne da ƙa'idarsu, wai saniyar da ta yi ɓari ba a zuba nata a tanki. Shi ya sa ma nata duka ya zama naki, ba maraƙin da zai raba da ke." Ya kalle ni yana murmushi. "Haka Babana ke yi. Wadda ta rasa ɗa, madararta ta gida ce, ba a sayarwa, na jiki ake ba. Ni ma ita nake sha."

Wallahi masu karatu, a lokacin daɗi na ji. Na jiki. Har na ciro waya na ɗauki hotonta saboda Yaya.

Ina cikin ɗauka muka ji tsayuwar mota. Wata mata ta zagayo, babba, da dogon takalmin roba da farar riga a kan kayanta. Na ga Mai Madara ya sauke hannunsa daga wuyan saniyar.

"Likita, ai na zata sai mako mai zuwa."

"Hanya ce ta biyo da ni, kuma maganar ba ta jira." Likitar dabbobi ce. Ta amsa gaisuwata sama-sama, ina jin ta ɗauka mai sayen madara ce. Ta zura safar hannu kafin ma ta matsa kusa da shingen. "Sakamakon jinin ya fito. Abin da na ji tsoro ne, cutar ɓarin shanu ce. Tana da ita, akwai wasu ma a cikin rumfa, sai mun sake bin su duka."

Ta juya ta kalle shi.

"Madararta fa? Tun ranar da na ɗebi jinin na ce maka kar kowa ya sha. Ina kake kai ta?"

Ina tsaye, tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba. Bai kalle ni ba.

"Zubarwa nake, likita."

Na dafa ƙarfen shingen.

"Madalla," in ji ta, tana duba gwiwar saniyar. "Don ƙwayar cutar a cikin madarar take fita. In an tafasa ta mutu, ɗanya ce matsalar. Mutane ba sa ɗaukar abin da muhimmanci saboda ba ya kayar da mutum rana ɗaya. Zazzaɓi ne da yamma, gumi, ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin sauro a banza, in ba an gaya wa likita mutum na shan ɗanyar madara ba, ba lallai ya nemi wannan ba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Mai ciki fa?"

Ta ɗago ta dube ni sosai a karon farko. "Mai ciki ita na fi ji wa tsoro. Yana iya taɓa cikin. Akwai wadda ta sha ne?"

"Tambaya kawai take yi," ya yi caraf ya amsa. "Yayarta ce ke da ciki, shi ya sa."

Na buɗe baki, na kalle shi, na ga idonsa yana roƙo na. Na rufe. Har yanzu in na tuna wannan shirun nawa sai in ji na tsani kaina. Likitar ta ɗan tsaya tana kallon mu, sannan ta ce za ta shiga rumfa ta fara aiki, ta wuce.

Tana ɓacewa na juya masa.

"Zubarwa kake? A cikin Yaya kake zubarwa?"

"Auta, ki rage murya, don Allah."

"Ta ce maka kar kowa ya sha! Tun yaushe?"

"Su likitoci komai cuta ne a wurinsu. Na zata irin maganarsu ce ta littafi. Shanu sun saba ɓari tun zamanin Babana, muna shan madarar, ga mu nan da ranmu. Da na san da wani abu zan kai gidanku? Ni da nake sha da kaina?"

"Shi ya sa kake ɗingishi. Dubi rigarka."

Ya shafa bayan wuyansa ya kalli hannun. Na ga tsoro ya shige shi, a gabana ya shige shi, kuma duk da haushin da nake ji sai da tausayinsa ya kama ni. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

"Na yi kuskure," ya ce. "Na yarda. Daga yau an daina. Amma ki rufa mini asiri zuwa Asabar. In likitar nan ta ji mutum ya kamu dole ta kai rahoto, kamfani su yanke ni, a rufe gonar. In Baba ya ji, kin san ba zai karɓi manyana ba. Jibi ne fa kawai, Auta. Bayan nan ni da kaina zan ɗauki Yaya in kai ta asibitin da ya fi kowanne."

"Ka ce musu me?"

"In ce a yi mata gwaji duka."

"Ba ka ji abin da matar nan ta ce ba? In ba a faɗa ba, ba za su nema ba."

"Jibi ne kawai," ya sake cewa, kamar ita kaɗai ce maganar da ta rage masa.

Na wuce ofis na ce wa Gwaggo ta taso kaina ke ciwo. Ta taso tana gyara sarƙa, sai na ga abin da ke hannunta. Bokitin silba ne. Wai tana zaune ta gan shi a kan tebur a cike, ta tambayi masu aiki suka ce na gidan su Auta ne, tatsar rana, ta ce to bari ta sauƙaƙa wa yaro wahala.

"Gwaggo, ku bar shi, wannan ta kwana," in ji shi, yana miƙa hannu.

"Kai tafi can, da ɗuminta za ka ce ta kwana? Rowa za ka fara tun ba a ba ka ba?"

Ta rungume bokitin. Haka muka shiga motarsa, ita a gaba da shi a kan cinya, ni a baya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji madarar ta bugi murfi. Gwaggo na ta zuba, tankin nan kaza, shanun nan kaza, Auta kin shigo daula. Wayata ta yi ƙara. Yana tuƙi da hannu ɗaya ya turo.

"Ki karɓe ki zubar a bayan gida. Kar ki ce komai. Don girman Allah."

Na kife wayar a cinyata. Ina son mutumin nan, ina kallon ƙeyarsa, ina tuna yadda yake durƙusa wa Mama. Ina kuma tuna 'yar hular da Yaya ke saƙawa. Na yi ta lissafi a raina ko akwai hanyar da zan tsira da duka biyun. In zubar da wannan, gobe in ce ta lalace, jibi a yi taro, gata a je asibiti. Har na fara yarda da kaina.

La'asar ta wuce lokacin da muka isa. Falo a hargitse, an fito da sababbin kofuna da faranti, an cire labule za a sa waɗanda na ɗinka. Baba na zaune da rediyonsa. Yaya na kwance a doguwar kujera cikin bargo, fuskarta ta faɗa, leɓenta ya bushe. Mai Madara ya tsaya daga bakin ƙofa ya durƙusa yana gaida Baba.

Kafin in cire takalmi Gwaggo ta miƙa wa Mama bokitin.

"Yauwa, Allah ya yi albarka," in ji Mama. "Tun safe ba abin da ta sa a cikinta." Ta ɗauko kofin mai fure ta cika, ta zauna a gefen Yaya ta tallafo kanta. "Tashi ki daure ki sha."

Duk lissafin da na yi a mota ya watse. Na tsallake farantan na fizge kofin, madarar ta zube a kan sabon labule.

"Kar ta sha! Mama, ita ce. Madarar nan ce ke ba ta zazzaɓi."

Baba ya kashe rediyo. Na faɗi komai. Ɓarin saniyar, likitar, jinin, da abin da ta ce game da mai ciki. Abu ɗaya na kasa faɗa, cewa an gargaɗe shi tun tuni.

Gwaggo ce ta fara magana. "La'ilaha illallahu. Yarinyar nan, in ba kya son sa ki ce ba kya so mana. Sai ki yi masa sharri? Ni da idona na ga wurin, ko asibiti bai kai shi tsafta ba."

"Dama na sani," in ji Mama, idonta ya kawo ruwa don takaici. "Tun da aka sa ranar nan kike neman hanyar zillewa. Jibi mutane za su zo, yau za ki tozarta yaro a gaban mahaifinki? Madara ce ke kawo zazzaɓi? Tun kafin a haife ki ake shan madara!"

"Mama, wallahi..."

"Rufe mini baki!"

Baba bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Ya juya bakin ƙofa.

"Kai, yaro. Gaskiya ne abin da take faɗa?"

Yana nan a durƙushe, gumi na bin gefen fuskarsa. Ya kalli Baba, ya kalle ni, ya kalli ƙasa. Na roƙi Allah a raina ya ba shi ƙarfin faɗa, don in ya faɗa da bakinsa zan iya yafe masa.

"Baba, wato... ba a gama tabbatarwa ba tukuna."

Sai muka ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa, daga cikin bargo. Ba Mama ta kira ba, ba Baba ba.

"Auta."

Na durƙusa a gabanta. Ta kamo hannuna, tafinta zafi rau, ta ɗora shi a kan cikinta ta danne.

"Kullum in na kwanta ta wannan gefen yana harbi na. Tun jiya da yamma ban ji shi ba. Na yi shiru ne kar in tayar wa Mama da hankali." Ta ƙara danna hannuna. "Ke kin ji wani abu?"

Na tsaya, na daina numfashi ma don in ji. Ban ji komai ba sai zafin jikinta.

Mama ta saki wani sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba. Baba ya miƙe tsaye yana laluben hularsa, yana cewa a ɗauko mayafinta, a kama ta, a nemo mota. Mota ɗaya ce a ƙofar gidanmu, fara, mai buɗaɗɗen baya.

Ni da Gwaggo muka riƙo Yaya muka fito da ita a hankali. Yana tsaye a jikin motar, makulli a hannunsa. Na matsa kusa da shi yadda ba wanda zai ji.

"In mun isa, likita zai tambaya me take ci, me take sha. Kai za ka faɗa masa duka, har da ranar da aka ce maka kar kowa ya sha, ko ni zan faɗa?"

Ya buɗe ƙofar, ya ce, "A kwantar da ita a hankali."